Sukuruj tuba ya yi ko tsorata? Muhawarar littafin wata

Malama Bilki: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kamar yadda aka yi alkawari, littafin wannan wata shi ne A Christmas Carol na Charles Dickens. Na san wasu ba su samu sun karanta ba, to ga shi a gurguje.

Wani attajiri ne a Landan, Ebenezer Scrooge, mu dai mu ce Sukuruj don harshe ya huta. Marowaci ne na ƙin ƙarawa. Akawu ɗaya gare shi, Bob, yana biyansa sule 15 a mako, kuma a tsakiyar hunturu ko gawayin ɗumama ofis ba ya barinsa ya ɗiba. Ranar jajiberin Kirsimeti ɗan ƙanwarsa Fred ya zo gayyatarsa cin abinci, ya fatattake shi. Wasu dattawa biyu suka shigo neman taimako don talakawa, ya tambaye su ko an rufe gidajen yari ne da gidajen aikin gajiyayyu. Suka ce masa da yawa sun gwammace mutuwa da shiga can. Ya ce to su mutu mana, a rage cunkoso.

Da dare sai ga fatalwar abokin kasuwancinsa Marli, wanda ya cika shekara 7 cif da mutuwa, tana jan wata sarƙa da aka ƙera da akwatunan kuɗi da makullai da kwaɗuna da littattafan lissafi. Ta ce masa tasa sarƙar ta fi wannan tsawo, kuma wasu fatalwowi uku na nan tafe. Ta farko ta mai da shi ƙuruciyarsa, ta biyu ta zaga da shi gidajen mutane a bikin da ake ciki, ta uku ta nuna masa mutuwarsa da kabarinsa. Gari na wayewa ya zama wani mutum daban: ya aika wa iyalan Bob ƙaton talotalo, ya je gidan Fred, ya ƙara wa Bob albashi, ya riƙe ɗan Bob mara lafiya, ƙaramin Tim, tamkar ɗansa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne: mutumin nan tuba ya yi, ko dai tsorata ya yi kawai? Bismillah.

Abu Sadik: Wa alaikumus salam Malama. Tambaya ɗaya kafin a yi nisa. Duk littattafan duniya sun ƙare ne sai na Kirsimeti da fatalwa?

Kabiru Admin: Abu Sadik, ƙuri'a aka kaɗa a nan zauren, kana cikin waɗanda ba su kaɗa ba. Watan azumi abin da ya dace da azumi muka karanta, Anti Rifkatu da su Yohanna suka zauna aka yi da su har ƙarshe. Ba ibada aka ce ka yi ba, karatu ne. A ci gaba.

Sani Mai Yadi: Ni dai ba sai an ja ni da nisa ba. Tsoro ne tsagwaronsa. Hali zanen dutse. Mutumin da ya shekara aru-aru yana matse wa jama'a wuya, dare ɗaya a ce ya zama Hatimu sarkin kyauta? Ku ba shi wata uku, ku bari tsoron ya sake shi, za ku ga ya koma ƙirga gawayi. Na ga irinsu da idona. Ciwo ya kwantar da mutum ya yi ta kuka yana rabon shinkafa, yana miƙewa ya ce a kawo masa littafin bashi.

Anti Rifkatu: Sani ƙanena, ka karanta littafin kuwa, ko fim ɗin ka kalla? Don a fim kabarin ake kumburawa, shi ne abin kallo. A littafin, tun kafin a je maganar mutuwa mutumin ya fara narkewa. Da fatalwar farko ta nuna masa kansa yana yaro, zaune shi kaɗai a makarantar kwana, kowa ya tafi gida hutu an bar shi, kuka ya yi. Yana share hawaye sai ya ce akwai wani yaro da ya zo rera waƙa a ƙofar ofishinsa jiya, da ma ya ba shi wani abu. Yaron da ya kora da rula fa! A nan babu kabari, babu barazana. Kansa ya gani a jikin yaron.

Haka da aka nuna masa tsohon ubangidansa Feziwig, inda ya koyi aiki. Feziwig ya rufe shago da wuri, aka share, aka kawo mai goge, aka ci aka sha aka yi rawa da yaran gida da maƙwabta. Fatalwar ta zolaye shi, ta ce duk abin bai wuce fam 3 ko 4 ba, meye na yabo? Sukuruj da kansa ya hau kare Feziwig, ya ce ba kuɗin ba ne, ubangida yana da ikon ya sa aiki ya yi daɗi ko ya zama azaba, da kallo kawai da magana. Sai ya yi shiru. Aka ce mene ne? Ya ce yana so ne ya ɗan yi wa akawunsa wata magana yanzu. Wannan tsoro ne?

Sani Mai Yadi: Anti, gaskiya fim na kalla. Amma dai ba a ga talotalo ba sai da aka ga kabari.

Nafisa: 😂 Yaya Sani ba ya faɗuwa ƙasa.

Baba Ɗanjuma: Yara, ku tsaya in fassara muku kuɗin nan, don na ga ana cewa sule 15 kamar ana karanta lambar mota. Mu mun kashe sule da hannunmu kafin naira ta zo a 1973. Kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Sule 15 a mako, in ka buga sau 52, sule 780 ke nan, wato fam 39 a shekara. Da wannan Bob ke riƙe da mata da 'ya'ya 6, ɗaya a cikinsu yana dogara sanda. Babbar 'yarsa Marta tana koyon aiki a wajen masu ɗinka huluna, ɗansa Bitrus ana neman inda za a cusa shi ya fara kawo wani abu. Abincin bikinsu dinya ce guda ɗaya, sai da aka cika ta da dankali da sauran tarkace kafin ta ishe su, kuma a gidan mai burodi aka gasa ta.

To ku dubi safiyar da ya tuba. Yaron da ya aika ya kira mai talotalo, ya ce masa in ya dawo da mutumin zai ba shi sule, in ya dawo kafin minti 5 zai ba shi sule 2 da sisi. Sule 2 da sisi, kashi ɗaya cikin shida na albashin Bob na mako ke nan. Ladan kwana guda na magidanci, a kan aiken minti 5! Wannan ya nuna muku kuɗin na nan tuntuni, ba ranar suka zo ba.

Malama Bilki: Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi na koyar da littafin nan sau da dama ban taɓa buga wannan lissafin ba.

Malam Habu: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Fatalwa dai a aƙidarmu babu ita, wanda ya mutu ba ya dawowa ya yi wa kowa gargaɗi, wannan a ajiye shi gefe, ƙagaggen labari ne. Amma sarƙar Marli ta sa na ajiye littafin na yi shiru. A Ali Imrana aya ta 180 an ce masu rowa da abin da Allah ya ba su, za a rataya musu shi a wuya ranar ƙiyama. A Suratul Ƙasas kuma ga Ƙaruna, wanda makullan taskokinsa kaɗai ke yi wa ƙarfafan maza nauyi. Baturen nan da bai san mu ba ya zo ya ƙera sarƙa da makullai da kwaɗuna. Ikon Allah.

Batun tsoro kuwa, Malam Sani, tsoro ba aibi ba ne a tuba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Abin dubawa shi ne lokaci. A ƙarshen Suratul Munafiƙun an kawo mutumin da mutuwa ta zo masa yana roƙon a ɗan jinkirta masa don ya yi sadaka, ba a jinkirta ba. Wancan ya makara. Shi Sukuruj ya farka da ransa da lafiyarsa da dukiyarsa. Kuma akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa mafificiyar sadaka ita ce wadda ka yi kana da lafiya, kana ƙwauron abinka, kana tsoron talauci, kana burin arziki, ba sai rai ya zo maƙogwaro ka fara cewa a ba wane kaza ba. Wato ba a ce sai rowar ta fita daga zuciya za a bayar ba. Ana bayarwa ne tana ciki tana ihu.

Anti Rifkatu: Allah gafarta Malam, ka tuna min wani abu. A Linjilar Luka sura 16 akwai misalin mai arziki da Li'azaru, miskinin da ke kwance a ƙofarsa. Bayan sun mutu mai arzikin yana cikin azaba, ya roƙi Ibrahim a aika wani ya gargaɗi 'yan'uwansa 5. Aka ce masa suna da Musa da annabawa, in ba su saurare su ba, ko wani ya tashi daga matattu ba za su yarda ba. To Dickens kamar ya ɗauki wannan ne ya ce bari mu gwada, a aiko mamacin mu gani. Kuma in kun lura Marli bai canja shi ba. Sai da ya yi ta gardama da fatalwar, ya ce wataƙila ɓacin ciki ne, wani yankin nama ne da bai narke ba. Abin da ya karya shi ransa ne da aka shimfiɗa masa a gabansa.

Sai kuma sura 19, mai karɓar haraji da ya hau bishiya. A Littafi Mai Tsarki na Hausa sunansa Zakka, kar ku yi dariya. Da ya tuba bai ce zai kira liyafa ba, cewa ya yi rabin dukiyarsa na matalauta, wanda kuma ya zalunta zai mayar masa ninki 4.

Isuhu na Maraɗi: Sunan ya dace da aikin 😄 Ni da Faransanci na karanta shi tun muna sakandare, abin da ban manta ba har yau shi ne wurin da matar da ke masa shara da mai wanki da yaron mai shirya gawa suka haɗu a shagon wani tsoho mai sayen tarkace. Kowa ya kwance ƙunshin abin da ya sata. Ɗaya ta kwashe labulen gadonsa har da zobban, gawar na kwance. Rigar da aka sa masa don binnewa ma sai da ta tuɓe ta, ta ce asara ce. Suna dariya. Ni wannan ya fi kabarin ban tsoro.

Nafisa: Kuma da ya roƙi a nuna masa ko mutum ɗaya da mutuwar ta taɓa zuciyarsa, wa aka nuna masa? Wasu miji da mata da yake bi bashi. Sun ji ya mutu suka samu sauƙi, don kafin a san wanda zai gaji bashin sun haɗa kuɗin. Matar har tana neman gafarar Allah a kan farin cikin da ta ji.

Amma ku bar ni in ɓata muku daɗin hirar kaɗan. Ni matsalata da littafin ba ta Yaya Sani ba ce. Na yarda ya tuba. Sai me? Akawu nawa ne a Landan a 1843? Kowanne sai ya jira fatalwa ta ziyarci ubangidansa?

Gidajen aikin da Sukuruj ya ambata ba ƙage ba ne. Dokar talakawa ta 1834 ce ta tsara su, kuma da gangan aka sa zama a cikinsu ya fi rayuwar lebura mafi ƙasƙanci wuya, don kada kowa ya nemi taimako sai wanda ya kai maƙura. Ana raba miji da mata, a raba iyaye da 'ya'ya. Maganar a rage cunkoso ma ba Sukuruj ya ƙirƙiro ta ba, ra'ayin da ke yawo ne a bakin masu ilimi tun bayan rubutun Thomas Malthus na 1798 a kan yawan jama'a. Sai a 1842 aka hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a cikin ramin kwal. Dokar da ta taƙaita aikin mata da matasa a masaƙu zuwa awa 10 sai 1847. Tsarin gidajen aikin nan kuwa ba a soke shi a hukumance ba sai 1930, shekara 87 bayan littafin. Doka ce ta yi waɗannan, ba talotalo ba. George Orwell ya yi doguwar maƙala a kan Dickens a 1940, kuma abin da ya lura da shi ke nan: Dickens ba ya cewa a sake tsarin, cewa yake mutane su gyara hali.

Baba Ɗanjuma: Jikata, to su wa suka yi dokar? Aljanu?

Nafisa: Mutane ne Baba.

Baba Ɗanjuma: To mutanen nan sai da wani abu ya taɓa su kafin su ɗaga hannu a majalisa.

Nafisa: Wasu taɓa su aka yi, wasu kuma tsoron bore ne ya sa su, Baba. Shekarun nan ne ma'aikatan Ingila ke ta gangami suna neman ƙuri'a, a 1842 an yi gagarumin yajin aiki a garuruwan masaƙu. Ka ga mun dawo kan maganar Yaya Sani ta tsoro, ta wata ƙofar.

Malama Bilki: Nafisa, ina tare da ke rabi. Amma a yi wa Dickens adalci, ya san abin da kike faɗa ciki da bai, a jikinsa ya sani. A 1824 aka kulle mahaifinsa a kurkukun masu bashi na Marshalsea, shi kuma yana ɗan shekara 12 aka sa shi aiki a wata masana'antar man goge takalmi, yana liƙa takarda a jikin kwalabe. A farkon 1843 ya karanta rahoton hukumar da ta binciki aikin da ake sa yara, hankalinsa ya tashi, har ya yi niyyar rubuta ƙasida ta kai tsaye a madadin 'ya'yan talakawa. Daga baya ya fasa, ya ga labari zai fi dukan zuciya. A shekarar ya ziyarci makarantar yaran titi ta Field Lane a Landan, a watan Oktoba ya yi jawabi a Manchester, ya dawo ya rubuta littafin cikin kusan mako 6. Ya fito ran 19 ga Disamba, kafin ranar Kirsimeti kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare.

Kuma bai tsaya kan gidan Bob ba. Kun manta yaran nan biyu, namiji da mace, ƙanjamammu, da suka fito daga ƙarƙashin rigar fatalwa ta biyu? Namijin sunansa Jahilci, macen Rashi. Ta ce 'ya'yan ɗan Adam ne, a yi hattara da su duka, amma an fi jin tsoron namijin. Sukuruj ya ce ba su da mafaka ne? Ta mayar masa da maganarsa ta gidajen yari. Wannan ba da Sukuruj kaɗai ake ba, da ƙasar gaba ɗaya ake.

Isuhu na Maraɗi: Yaran nan biyu ba sai mun je Landan ba. Kowa ya leƙa tashar garinsu da daddare.

Baba Ɗanjuma: Malama, nawa aka sayar da littafin?

Malama Bilki: Sule 5, Baba. Shi ya dage a yi masa bango mai kyau, da gefen takardu mai ruwan zinariya, da zanen John Leech masu launi. Tsadar bugun ta cinye ribar, fam 230 kawai ya samu a bugun farko, alhali ya sa ran kusan 1,000. Ga shi wasu suka saci labarin suka buga nasu mai araha a Janairun 1844, ya kai su kotu ya ci nasara, suka ce sun karye, kuɗin shari'a ya dawo kansa.

Baba Ɗanjuma: Sule 5. Wato Bob sai ya ba da sulusin albashinsa na mako kafin ya karanta labarin kansa. To kun ga wa aka rubuta wa littafin. Ba Bob ba. Masu gida aka rubuta wa.

Hajiya Maman Ilham: Ni fa ina ta jira a zo kan matar Bob, ba wanda ya ambace ta. Ita kaɗai ce mai gaskiya a gidan. Bob ya ɗaga kofi ya ce a yi wa Sukuruj fatan alheri, wai shi ne silar liyafar. Ta ce silar me? Da yana nan da ta gaya masa abin da zai ƙoshi da shi. Sai da mijin ya yi ta lallashi, yara na ji, ranar biki ce, sannan ta yarda, ta kuma ce don kai da don ranar na yi, ba don shi ba. Mu mata mun san wannan. Namiji ya dawo yana cewa maigida mutumin kirki ne, ke da za ki raba kwano ɗaya gida takwas ke kika san kirkin nasa.

Sai budurwarsa ta ƙuruciya, Bel, da ta sake shi ya tafi. Ba ta ce masa mugu ba ne. Cewa ta yi tsoron duniya ya yi masa yawa, duk burinsa ya koma kada talauci ya kama shi a wulaƙanta shi. Ai marowacin nan kansa ma bai ci dukiyar ba. Kunu yake sha shi kaɗai a gaban 'yar wuta, yana hawa bene cikin duhu da ɗan kyandir ɗaya tal, wai duhu ya fi araha. Ina da kawu haka, Allah ya jiƙansa. Yunwa ta taɓa kama su suna yara, har ya mutu yana ɓoye hatsi, bayan rasuwarsa aka buɗe rumbu, ƙwari sun gama da rabi. Ba mu taɓa kallonsa a mugu ba, tausayi yake ba mu, sai dai matansa ba za su ce haka ba.

Sani Mai Yadi: Hajiya kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Bari in faɗi abin da ya sa nake da zafi a kan maganar nan. Shekara 9 na yi a shagon wani bawan Allah, ba zan faɗi kasuwar ba balle sunansa. Ni ne buɗewa, ni ne rufewa, ni ne banki, ni ne kai cefane gida. Babu albashi, sai kuɗin abinci da na mota, da alkawarin za a sallame ni in lokaci ya yi. Amma fa duk Sallah sai ya yi min shadda mai tsada, babbar Sallah har cinya guda ake kai wa mahaifiyata. Unguwa kowa na cewa ka yi dacen ubangida. Azumi kuwa layi ake yi a ƙofar gidansa. Ranar da na yi ƙarfin hali na tayar da maganar sallama, sai ya ce, duk abin da nake maka? Ya fara lissafa shaddodin. Ashe rubutawa yake.

Shi ya sa in aka ce min talotalo sai raina ya ɓaci. Kyautar biki ba ta da wuya, rana ɗaya ce, kuma ana gani.

Anti Rifkatu: Kai, sannu Sani. Allah ya saka maka. Amma ka ga da ka karanta littafin da ka ga yana bayanka. Talotalon nan a ɓoye ya aika, ya ce kada Bob ya san wanda ya aiko. Dattijon da ya kora jiya, da ya gamu da shi a hanya, a kunne ya raɗa masa adadin, mu masu karatu ma ba a gaya mana ba, ya ce akwai bashin baya da yawa a ciki. Kuma labarin bai ƙare ranar biki ba. Washegari ne, ranar aiki. Bob ya makara da minti 18 da rabi, ya shigo yana rawar jiki. Sukuruj ya ɗaure fuska kamar da, sai ya ce zai ƙara masa albashi. Bob har ya fara laluben rula, yana zaton maigida ya zautu. Sannan ya ce a hura wuta, a sayo wani bokitin gawayi kafin a sake rubuta ko harafi ɗaya. Da gawayi aka buɗe labarin, da gawayi aka rufe.

Malam Habu: Wannan kalma ta bashin baya ita ce fiƙihun maganar. Wanda ya shekara 10 bai fitar da zakka ba, in ya tuba ba istigfari kaɗai zai yi ba, sai ya zauna ya lissafa ɗaya cikin arba'in na kowace shekara ya fitar, don haƙƙin mutane ne a hannunsa. Haka ladan ma'aikaci, an ce a ba shi kafin guminsa ya bushe. Malam Sani, shaddar da aka yi maka kyauta ce, yana da ladansa in ya yi don Allah. Amma kyauta ba ta biyan bashi. Sai dai in faɗi inda littafin ya gaza a nawa ganin: an ƙara wa Bob albashi daga yau, ba a ce an biya shi na shekarun da aka danne ba. Su kuma miji da matan nan da ake bi bashi, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Nafisa: Allah gafarta Malam ka shigo layina ke nan. Kuma ba a faɗi nawa aka ƙara ba. In sule ɗaya ne fa?

Malama Bilki: Ke dai Nafisa sai kin ga takardar albashi 😂 An dai ce Tim bai mutu ba, kuma fatalwa ta biyu ta riga ta ce in ba abin da ya canja kujerarsa za ta zama wayam. To ko nawa ne, ya kai na abinci da magani.

Abu Sadik: Na dawo. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Har yanzu fatalwar ba ta kwanta min ba, amma a turo min littafin.

Kabiru Admin: Yana cikin fayilolin zaure tun ranar 1 ga wata, Abu Sadik. Shekarunsa sun sa ba hakkin kowa a kansa yanzu, kowa na iya saukewa.

Hajiya Maman Ilham: Ni wani abu ma nake tunani. Duk muna nan muna zagin Sukuruj, kowa ya ɗauki kansa Bob. Ban ji wanda ya ce shi ne mai gidan ba. Alhali rabin zauren nan akwai mai 'yar aiki, akwai mai maigadi, akwai mai almajirin da ke masa wanki ana biyansa da ɗumame. Ni kaina yarinyar da ke taya ni aiki, kayan Sallarta ba na wasa da su, amma rabon da in duba abin da nake aika wa uwarta a wata tun kafin kwanon shinkafa ya ninka. Ba wai na tuba ba ne fa, kar ku fara min kabbara, faɗa kawai na yi.

Baba Ɗanjuma: Ni fansho nake ci, a cire ni a lissafi.

Isuhu na Maraɗi: Baba, mai kawo maka ruwa a kura fa, nawa kake biyan jarka?

Baba Ɗanjuma: Kai Isuhu, ka kiyaye ni.

Nafisa: Tsaya tukuna. Yaya Sani, ba kai ne kwanaki ka sa hoton sabon shagonka a nan ba, muka yi ta Allah sanya alheri? Na ga yara biyu a bayan kanta suna ninke atamfa.

Sani Mai Yadi: Ƙannena ne, 'ya'yan maƙwabta. Koyon kasuwa suke.

Nafisa: Nawa ne a wata?

Sani Mai Yadi: Ina ba su na abinci da na mota. Kuma Sallar da ta wuce kowannensu sai da na yi masa

Sani Mai Yadi: Cajina ya kusa ƙarewa. Sai da safenku.

Anti Rifkatu: Admin, a tura masa littafin shi ma. Ba fim ɗin ba.